Yadda Ake Auna Amfiya da Maltimita ba Tare da An Ƙona Ta ba

Da yawa daga cikin mitocin awon wuta, wato maltimita, da ke lalacewa a hannun masu koyon aikin wuta, a wajen awon amfiya suke gamuwa da ajalinsu. Mutum ya saba da awon bolt, inda ake ɗora jan tsinken da ke bakin wayar mita a wannan kan batir, baƙi a wancan, lamba ta fito. Sai ya ɗauka haka ake yi wa amfiya. Yana ɗorawa sai tartsatsi. In an yi sa'a fis ne kawai ya tafi, in ba a yi ba har wayoyin su narke a hannunsa.

Bolt ƙarfin turi ne tsakanin wurare biyu, shi ya sa ake iya auna shi daga gefe ba tare da an kwance komai ba. Amfiya kuwa yawan wutar da ke ratsa waya ne a kowace daƙiƙa. Mai ƙirga tumakin da ke fita daga garke a bakin ƙofa yake tsayawa, kowace ta bi ta gabansa. To haka mita take a wannan aikin: sai an yanke hanyar wutar, an sa mitar a gurbin da aka yanke, wutar ta shiga ta waya ɗaya ta fita ta ɗayar.

Don kada mitar ta tare wa wutar hanya, an yi cikinta kusan babu turjiya. Idan ka kwance bayan ƙaramar mita irin DT830, wadda ta cika kasuwannin kayan wuta, za ka ga wata guntuwar waya mai kauri a lanƙwashe tsakanin ramin 10A da ramin COM. Turjiyarta ba ta wuce om 0.01 ba (om shi ne ma'aunin turjiya). Wuta na bi ta cikinta, mitar na auna ɗan bolt ɗin da ya faɗi a kanta, ta mayar da shi amfiya ta nuna maka. Wato da zarar ka sa jar waya a ramin 10A, abin da ke hannunka guntun ƙarfe ne kawai. Ɗora shi a kan batirin mota daidai yake da ka haɗa kawunan biyu da sifana, kuma batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya nan take. Wanda ya riƙe wannan a ransa, sauran aikin mai sauƙi ne.

Ka san mitarka tukuna

Kafin ka taɓa kowace waya, zauna ka dubi fuskar mitar. A ƙasa akwai ramuka uku, wasu huɗu. COM na baƙar waya ne, kuma ba ta barin wurin ko me za ka auna. Rami na biyu an rubuta masa VΩmA, shi ne na bolt da turjiya da ƙaramar wuta. Na uku 10A, wasu mitocin 20A, na babbar wuta. A mita mai ramuka huɗu an ware wa mA raminsa daban.

Karanta ƙananan rubutun da ke kusa da ramukan, domin ba don ado aka yi su ba. Gefen mA yawanci za ka ga 200mA, iyakarsa ke nan, kuma akwai ƙaramin fis a bayansa. Gefen 10A, a mitoci masu araha, sau da yawa babu fis ko kaɗan, sun ma rubuta hakan a jiki, tare da gargaɗin kada a wuce daƙiƙa 10 ana awo, sannan a huta minti 15 kafin a sake. Wannan hutun don guntuwar wayar nan ta huce ne. In ta yi zafi fiye da kima, dalmar da ke riƙe da ita na iya saki, ko awon ya daina zama daidai.

Sai maɓallin tsakiya da ake murɗawa. Nemi sashen da aka sa wa harafin A. In kusa da shi akwai miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashi, ko an rubuta DCA, wannan na wutar batir da sola ne. In akwai layi mai lanƙwasa, ko ACA, na wutar gida da janareto ne. DT830B ba ta da na biyun sam, amfiyar wutar batir kawai take iya aunawa. Matakanta su ne 200µ, 2000µ, 20m, 200m da 10A, inda µ ke nufin maikro, m kuma mili. Miliamfiya 1000 ne ke yin amfiya 1, maikro 1000 kuma ke yin mili 1.

Duba wayoyin awon su ma. In robar ta tsage, ko tsinken yana rawa a mariƙinsa, canza su. Gwaji mai sauri: murɗa zuwa mataki mafi ƙanƙanta na om, haɗa tsinken biyu, ka ga lamba ƙasa da om 1 ta tsaya cak. In tana tsalle-tsalle lokacin da kake motsa wayar, ta karye daga ciki.

Awon farko: batir da ƙwan fitila

Shawarata, kowa ya fara koyo da abin da ba zai cutar da shi ba: batir mai bolt 12, irin na babur ko ƙaramin na sola, da ƙwan fitila na DC, da wayoyi biyu. In kana da 'yan maƙalai masu haƙora da ake sa wa bakin tsinke, za su 'yantar maka da hannu.

Fara da lissafi kafin awo. Raba wat da bolt, amsar ita ce amfiyar da kake sa rai. Ƙwai mai wat 5 a kan bolt 12 zai ja kusan amfiya 0.42, wato mili 420. Ka ga ya ninka iyakar ramin mA har ya wuce. Da ka fara daga can, da fis ya tafi tun kafin ka ga lamba. Ƙwan sigina na mota mai wat 21 kuwa zai ja kusan 1.75. Ko da lissafi ya nuna maka wutar kaɗan ce, balle in ba ka san ta ba, ka fara daga 10A.

Haɗa ƙwan da batir yadda aka saba, ka tabbatar yana kamawa. Sannan cire waya ɗaya daga kan batir, a ce ta fozitif. Ƙwai ya mutu, hanya ta yanke, ga gurbin da mita za ta shiga.

Sa baƙar waya a COM, ja a 10A. Murɗa maɓalli zuwa 10A na sashen DC. A wasu mitocin matakin 10A a haɗe yake da 20m a wuri ɗaya, ramin da ka sa waya ne ke bambanta su. Yanzu ɗora jan tsinke a kan fozitif na batir, baƙin tsinke kuma a bakin wayar da ka cire, wadda ta tafi wajen ƙwai. Ƙwan zai kama. Wannan kamawar ita ce shaidar cewa ka haɗa daidai, domin wutar ta cikin mitarka take bi kafin ta kai gare shi. Fuskar mita za ta nuna wani abu kamar 0.41 ko 0.39. Kada ka damu in bai yi daidai da lissafinka ba, batir ba ya tsayawa a bolt 12 cif, kuma wat ɗin da ake rubutawa a kwalin ƙwai ba kullum yake zama gaskiya ba.

In ka ga alamar ɗebewa a gaban lambar, tsinken ne ka juya. Babu abin da ya lalace, lambar daidai take. In ka ga 1 shi kaɗai a gefen hagu, ko OL, wutar ta fi ƙarfin matakin da kake kai, ka janye tsinke nan da nan. In ƙwan bai kama ba kuma mita na nuna sifili, ko dai wayar ja ba ta cikin ramin da ya dace da matakin, ko fis ya riga ya ƙone.

A ce maimakon ƙwai ka sa ƙaramin abu, kamar 'yar fitilar LED guda da resistarta. A matakin 10A za ka ga 0.02, wanda ba ya gaya maka komai sosai. A nan ne ake sauka. Janye tsinke daga da'irar tukuna, mayar da jar waya ramin mA, murɗa zuwa 200m, sannan ka sake haɗawa. Yanzu za ka ga kamar 18.6, wato mili 18.6. Tunda bai kai 20 ba, kana iya sauka zuwa 20m ka sami ƙarin lamba ɗaya bayan ɗigo. Kada ka murɗa maɓalli wuta na bi ta cikin mita, kowane canji a yi shi bayan an janye.

Akwai wani abu da ke rikita masu gyaran waya da rediyo. A ƙananan matakai turjiyar cikin mita tana ƙaruwa: a 200m kusan om 1 ce, a 20m kusan 10, haka take ninkawa sau goma kana sauka. Na'urar da ke aiki da bolt 3 ko 3.7 tana iya ƙin tashi, ko ta riƙa mutuwa tana kamawa, saboda mitar ta cinye mata wani ɓangare na bolt ɗinta. In ka ga haka, hau mataki ɗaya sama.

Da ka gama, abu na farko kafin ka ajiye mitar: zare jar waya daga 10A ka mayar da ita ramin VΩ, ka murɗa zuwa OFF. Ina nanata wannan ga duk yaron shagon da na gani da mita, domin haɗarin ba a lokacin awon amfiya yake zuwa ba. Gobe ne wani zai ɗauki mitar, ya murɗa zuwa bolt, ya cusa tsinke a soket, bai lura jar waya na nan a 10A ba. Maɓallin da ya murɗa ba ya raba guntuwar wayar nan da ramukan biyu.

Motar da ke shanye batir cikin dare

Ga inda wannan awon ke biyan kuɗin mitar. Mota ta kwana biyu a ajiye, an zo tayarwa batir ya yi sanyi. An canza batir, bayan mako guda abin ya dawo. Kafin a sake zargin mai batir, a auna abin da motar ke sha alhali tana kashe.

Kashe komai, zare makulli, ka rufe ƙofofi. In akwatin fis ɗin yana cikin mota kuma za ka buƙaci ƙofa a buɗe, tura harshen makullin ƙofar da sukundireba har ya danna, motar ta ɗauka a rufe take, fitilar ciki ta mutu. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka. Mita a 10A na DC, jar waya a ramin 10A.

A gefen nagatif ake wannan aikin, domin in sifana ta taɓa jikin mota daga can babu abin da zai faru. Sassauta notin tamina amma kada ka ɗaga ta tukuna. Maƙala jan tsinke a jikin taminar, ka sa bakin baƙin tsinke a kan gindin batir ɗin kansa ta ƙasan taminar, sannan ka ɗaga ta a hankali. Ta haka wuta ba ta yanke ko sau ɗaya ba, ta koma bi ta cikin mita, rediyo bai manta tashoshinsa ba, kwamfutar motar ba ta farka daga farko ba.

Da fari za ka iya ganin amfiya 1 ko 2, kada ka yanke hukunci. Motocin zamani suna ɗaukar lokaci kafin na'urorinsu su yi barci, wasu 'yan mintuna, wasu rabin awa ko fiye. Wuta kaɗan irin wannan ba ta zafafa mitar, gargaɗin daƙiƙa 10 na manyan lambobi ne da suka kusa 10. Sai dai ka lura da mitocin da ke kashe kansu bayan wani lokaci. Lambar za ta riƙa sauka mataki-mataki har ta tsaya. Abin da aka saba ɗauka lafiya shi ne ƙasa da mili 50, wato 0.05 a fuskar mita. In ta tsaya a 0.50, yi lissafi: batir mai 45Ah, wato mai iya ba da amfiya 1 har awa 45, zai ƙare tas cikin awa 90, kuma tun kafin nan ya daina iya juya inji.

Yanzu sai farautar ɓarawon. Zare fis ɗaya, dubi mita, mayar da shi, ka zare na gaba. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ne ke da matsalar, murfin akwatin zai gaya maka na mene ne. Waɗanda aka fi kamawa: fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe, rediyo ko amfilifaya da aka haɗa kai tsaye da batir, na'urar bin sawun mota, cajar waya da aka bari a soket ɗin da ba ya mutuwa. In ka bi fis duka lamba ba ta motsa ba, zargi ya koma kan altaneto, domin dayod ɗinsa, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, in ya lalace yana barin wuta ta koma baya. Raba mita da batir gaba ɗaya, kwance babbar wayar altaneto ka naɗe bakinta da salatif, sannan ka sake awon.

Abu biyu haramun ne mita na haɗe. Kada kowa ya murɗa makulli don tayar da mota, sitata na jan amfiya sama da ɗari. Kada kuma ka koma ramin mA kai tsaye don neman lamba mai kyau, domin yanke wutar zai tayar da na'urorin, su ja abin da zai ƙona ƙaramin fis. In dole sai ka koma, yi gada tsakanin tamina da kan batir da wata waya, canza ramin, jira komai ya sake kwantawa, sannan ka cire gadar.

Faifan sola

Na ce ba a ɗora mita kai tsaye a kan tushen wuta. Faifan sola guda ɗaya shi ne togaciya, saboda shi da kansa yake da iyaka: komai ka yi masa ba zai ba da fiye da abin da rana ta ba shi ba. Juya bayansa, a takardar da ke manne za ka ga Isc, wato amfiyar da yake bayarwa in an haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye a cikakkiyar rana. Faifai mai wat 100 na tsarin bolt 12 yakan nuna kusan amfiya 6. In lambar ta kusa 10 ko ta wuce, kamar yadda take a manyan faifai na yanzu, mita mai 10A ba ta isa ba.

Raba faifan da kwanturola, na'urar da ke daidaita cajin batir, gaba ɗaya. Rufe fuskarsa da kwali ko bargo, haɗa jan tsinke da wayar fozitif, baƙi da nagatif, mita a 10A na DC. Fuskantar da shi ga rana tsaka, yaye murfin, karanta lamba cikin 'yan daƙiƙu, mayar da murfin, sannan ka raba wayoyin. Rufewar tana hana tartsatsin da ke cinye bakin tsinke. Da tsakar rana, sama garau, faifai mai tsabta ya kamata ya kusanci lambar da ke bayansa. In an rubuta 6 kana samun 3, ko faifan ya samu rauni, ko takardar ta yi ƙarya. A lokacin hunturu ka auna kafin ka wanke ƙurar da ke kansa, ka sake aunawa bayan ka wanke. Bambancin da za ka gani ya fi duk wata nasiha sa mutum ya riƙa hawa rufi da tsumma.

Wannan na faifai ɗaya ne. Jerin faifai da aka haɗa bolt ɗinsu ya hau ɗaruruwa, ba a yi musu haka. Haka kuma layin da ke tsakanin batir da inbata: inbata mai ɗauke da wat 1000 a kan bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, maltimita ba ta da hurumi a wurin.

Wutar gida

Wutar soket bolt 220 zuwa 230 ce, tana kisa. Ko mitarka na da sashen AC, ban ga dalilin da zai sa ka yanke waya mai rai ka riƙe bakinta biyu da tsinke ba, alhali akwai kilam mita, mai baki kamar ƙaguwa, wadda ke auna wuta ta bayan roba. Murɗa ta zuwa A na AC, buɗe bakin, ka sa waya ɗaya tak a tsakiya, ka bari ya rufe ruf. In ka kama layif da nutural tare, sifili za ka gani, domin mai tafiya da mai dawowa suna soke juna. Don auna kayan gida, sami gajeriyar wayar ƙari, ka feɗe babbar rigarta ta waje kaɗai ba tare da ka ji wa robar wayoyin ciki ciwo ba, ka ware su. Dutsen guga mai wat 1000 zai nuna kusan 4.3. Firji zai yi tsalle sama lokacin tashi sannan ya sauko, wanda duk mai shirin sayen janareto ko inbata ya kamata ya gani da idonsa. In wutar ta yi ƙanƙanta ga kilam, naɗa wayar sau 10 a bakinsa ka raba amsar da 10.

Kilam masu araha da yawa AC kaɗai suke aunawa. In don batir da sola kake so, tabbatar an rubuta DC a sashen A, kuma ka danna maɓallin ZERO kafin ka kama waya.

In fis ya ƙone

Alamarsa ita ce matakan mA su riƙa nuna sifili, kuma abin da ka haɗa ya ƙi kamawa. Zare wayoyin awo duka biyu, kashe mitar, kwance sukurorin baya. Fis ɗin ƙananan mitoci na gilashi ne, kana iya hango zaren ciki ya tsinke ko gilashin ya yi baƙi. A jikin hularsa ta ƙarfe an zana ƙarfinsa, misali 200mA ko 250mA, 250V, da harafin F mai nufin mai saurin ƙonewa. Irinsa sak za ka nema. Manyan mitoci irin na Fluke suna amfani da fis na tangaran mai yashi a ciki, wanda aka yi don ya kashe tartsatsi mai ƙarfi, kuma ba a musanya shi da na gilashi ko da tsawonsu ɗaya. Kada ka naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, domin karo na gaba allon mitar ne zai ƙone a madadinsa. Tunda ka riga ka buɗe bayan, duba batirin bolt 9 da ke ciki. In alamar batir ta fara fitowa a fuskar mita, canza shi yanzu, domin mita mai raunin batir tana nuna lambobin da suka fi na gaskiya.